Birkin Malam Bamalli

Duk wanda ya kwana biyu a Suleja ya san motar Malam Bamalli, ko da bai san mai ita ba. Wata tsohuwar shuɗiyar mota ce mai allo a ka, an rubuta Makarantar Koyon Mota, ga jan harafin nan na 'yan koyo manne gaba da baya. Kullum da hantsi za ka gan ta tana rarrafe a hanyar Kaduna, ta je Gauraka ta juyo, in ɗalibin ya fara gogewa a leƙa da shi Sabon Wuse. A mazaunin direba akwai wani bawan Allah da ke haɗa gumi. A gefensa kuwa Malam Bamalli ne, tumbi a gaba, hula a karkace, yana ɓarar gyaɗa yana faɗa.

Motar birki biyu gare ta. Obadiya makanike ne ya ƙera na biyun a garejinsa na Gauraka, ya dasa shi daidai inda malami ke ajiye ƙafa. Ƙafar Malam Bamalli ta dama ta yi shekara da shekaru a kan wannan birki, har ta kai ba ta jiran umarni. Akuya ta gifta, ɗan acaɓa ya yanko, ɗalibi ya rikice ya taka totur a maimakon kuloci, kafin kan Malam ya gane abin da ke faruwa ƙafar ta riga ta gama aikinta. Yana ji da ita ƙwarai. In ana hira a bakin masallaci yakan buga cinyarsa ya ce, "Wannan da kuke gani, ba ta shawara da ni."

Rabin direbobin tashar Suleja ta hannunsa suka bi, Musulminsu da Kiristansu. In ya shiga tasha tashi ake yi a ba shi benci. To wannan mutumin, wannan uban direbobi, shi ne ke tsoron gada, kuma daga shi sai Allah suka sani.

Ba ƙananan gadojin cikin gari ake magana ba, waɗanda in ka faɗa iyaka ka jiƙe zuwa gwiwa. Gadar sama ta Zuba ma yana iya ta: yakan nemo wani laifi ya ɗora wa ɗalibi, ya yi ta zazzaga masifa har a sauka. Wadda ba ya iyawa ita ce doguwar gada, wadda ake hango ruwa can ƙasa, ga iska tana kaɗawa. Tun yana saurayi yana karen mota aka haye gadar Jebba da shi a saman lodin albasa, ya leƙa ƙasa sau ɗaya tak. A ranar ciccibarsa aka yi aka sauko da shi tare da buhunan, kuma tun daga nan ya tsara rayuwarsa yadda ba abin da zai kai shi ƙetaren kogi.

Abin ya yi ta tafiya daidai har 'yar autarsa Mas'uda ta yi aure. Mijin, Nuraddeen, malamin makaranta ne, yaro mai hankali, ba shi da wani aibu. Ana gama biki aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Lokoja. Lokoja kuwa, ta duk inda ka ɓullo mata daga Suleja, sai ka haye kogin Kwara.

Kowa a gidan ya je ya ga ɗakin Auta. Uwarta Mairama ta je ta sake zuwa, yayyenta sun je, har maƙwabciya ta je ta dawo da bandar kifi. Malam Bamalli ne kaɗai bai taka ba. Yau giyar mota na ƙara, gobe bayansa ya riƙe, jibi ɗalibai na da gwaji. Motar haya kuma ba ta shiguwa, don duk direban da ya gan shi gidan gaba zai ba shi, wani ma ya miƙo masa makulli ya ce, "Haba Malam, ni in tuƙa kana zaune?" Ta yaya zai rufe ido a gaban yaran da ya koya wa riƙe sitiyari?

Da uzurin ya yi yawa, mutane suka nemo wa abin dalili da kansu. Aka tuna Nuraddeen ba a wurin Malam ya koyi mota ba, a wurin wani abokin hamayyarsa ne. Aka tuna ranar ɗaurin aure Malam ya kalli yadda ango ya ajiye mota ya ja tsaki. Shi ke nan magana ta zauna, Malam Bamalli bai yafe ba. Shi kuwa da zancen ya zo kunnensa, maimakon ya ƙaryata, sai ya ɗaure fuska ya yi gum. A ganinsa a ce masa mai riƙo ya fi a ce masa matsoraci. Wauta ce tsagwaronta, kuma a kan Auta ta ƙare. Yarinyar da tun tana 'yar mitsitsiya take taya shi wanke mota, tana hawa cinyarsa tana danna hon, ita ce hirarta da shi a waya ta koma, "Ina wuni Baba, ya aiki, a gaida Mama." Abin yana cin ransa. In ya ajiye wayar sai ya je ya zauna cikin mota shi kaɗai, ya yi ta ɓarar gyaɗa ba ya ci.

Sai Mas'uda ta haihu, namiji. Mairama ta tafi a ranar, amma suna na ƙaratowa sai ga ta ta dawo Suleja. Ko mayafi ba ta cire ba ta same shi a tsakar gida zai yi alwala.

"Malam, Nuraddeen ya ce sunanka za a sa wa yaron."

"Masha Allah, Allah ya raya. Ai da ba don bayan nan nawa ba..."

"Tsaya, ban gama ba. Auta ta ce in gaya maka ba roƙonka take ba. In ka zo, ta gode. In ba ka zo ba, ta gane, kuma ba za ta sake tambaya ba."

Mairama ta shige ɗaki ta bar shi riƙe da buta. Ya san 'yarsa, halinsa ta kwaso kaf. In ta ce ba za ta sake tambaya ba, to ba za ta sake ba.

Dabarar ta faɗo masa ne bayan la'asar, kuma shi kansa sai da ya jinjina wa kansa. Mairama ta daɗe tana koyon mota a wurinsa. Ta daɗe ƙwarai, don waɗanda suka fara tare da ita wasu har sun sayi motocin kansu sun sayar. Filin ƙwallo yake kai ta ta yi ta kewaye, bai taɓa barinta ta hau kwalta ba, wai tana surutu a kan sitiyari, kuma tana danna wa ƙawayenta hon. To ga ranarta ta zo. Zai tuƙa har bakin gada, ya tsaya, ya ce yau ne babban darasi. Ita ta haye da su, shi ya koma kujerarsa ta malami, ya saukar da hula kan idonsa kamar mai nazari. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.

Ya je kasuwa ya zaɓo rago, ƙato, fari, mai murɗaɗɗen ƙaho, irin ragon da mutum ke saya in ya san yana da laifi. Daga nan ya biya Gauraka don Obadiya ya duba masa mota.

Obadiya ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu. "Malam, lafiyarta lau. Amma tunda doguwar tafiya ce, bari in kwance maka birkin nan na gefe. Ba koyarwa za ka ba. In ka dawo sai in mayar."

"Ka kwance min birki? Obadiya, ka yanke ƙafar gaba ɗaya mana, ka huta."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Wannan ita ce shawara mafi kyau da aka ba Malam Bamalli a duk shekarar, kuma a garejin ya bar ta ya yi tafiyarsa.

Washegari da safe aka loda kaya. Mairama ta cika but ɗin motar da geron kunun kanwa da yaji da daddawa da ƙafar saniya da atamfofi, har sai da aka hau murfin kafin ya rufu. Rago bai samu wuri ba. Aka shimfiɗa buhu a kujerar baya, aka zuba harawa, aka tura shi ciki, ya zauna yana kallon Suleja ta taga kamar fasinja.

Har Gwagwalada Malam Bamalli na cikin ganiyarsa, duk direban da ya wuce shi sai ya leƙa ta taga ya yi masa gyara. Daga Abaji bakinsa ya fara mutuwa. Ya tsaya a ba rago ruwa. Ya tsaya a sayi ayaba. Ya sake tsayawa ya zagaya motar yana shurin tayoyi, yana kasa kunne, tayoyin da ba abin da suka yi masa.

"Malam," in ji Mairama, "in a haka za mu tafi, sai dai mu tarar da yaron yana rarrafe."

Bayan Koton Ƙarfe iska ta fara kawo ƙarnin ruwa. Suka iso Jamata, inda mata ke tallan kifi a bakin titi, ga gadar can ta miƙe ba a hango ƙarshenta. Ya gangara gefe ya kashe mota. Masu kifi suka yanyame tagogi, rago ya shinshina banda ɗaya ya kau da kai.

"Fito ki karɓa," ya ce, yana gyaran murya.

"In karɓi me?"

"Sitiyari. Yau ne babban darasi."

Mairama ta kalle shi, ta kalli gadar, ta sake kallonsa. "Ni? Ni da ka ce ban isa in kai motar nan bakin kasuwa ba?"

"Gwada ki nake yi duk shekarun nan. Yanzu kin kai."

Daɗi ya kama Mairama, baki har kunne. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tuɓe takalmi yadda ta saba, ta ja kujera gaba, ta gyara madubi, ta yi bisimilla. Shi kuma ya zagaya da ƙyar, ya zauna a kujerarsa, ya jawo hula har kan hanci. Ƙafarsa ta dama kuwa, ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta je ta zauna inda ta saba zama.

A faɗi gaskiya, Mairama ta tashi motar nan lafiya lau. Ta sa sigina, ta duba madubi, ta hau kwalta karon farko a rayuwarta, tana yi wa masu kifi hon na ban kwana. Suka hau gada. Malam Bamalli bai gani ba, amma ya ji. Ƙarar taya ta sauya, ta zama irin ta abin da ba komai a ƙarƙashinsa, kuma in an ɗan jima sai a ji gab-gab inda aka haɗa gadar. Ya kama duk addu'ar da ya sani yana jerowa a cikin hula, har da ta shiga kasuwa. Da a haka aka ci gaba, da sun haye ba wanda ya sani.

Rago ne ya ɓata shirin. Hular Malam ta sha hannun gyaɗa shekara da shekaru, ga ta kuma tana rawa daidai hancin ragon. Ya miƙo wuya ta tsakanin kujeru, ya kama ta da haƙori, ya zare abarsa.

Haske ya cika idon Malam Bamalli. Ta tagarsa ya ga ƙarfen gefen gada, ta tsakanin ƙarfen ya ga ruwa, can ƙasa, ba iyaka, da wani kwale-kwale da bai fi ɓawon gyaɗa ba. Ƙafar ba ta yi shawara da shi ba.

Mota ta yi ƙiii, ta tsaya cak, ta mutu. Rago ya daki bayan kujera.

"Innalillahi! Malam, me na yi?"

Ya runtse ido, ya ƙanƙame bel ɗin kujera.

Ta sake tayarwa, ta sa giya ɗaya, ta ɗaga kuloci a hankali yadda ya koya mata. Mota ta yi gurnani, ta girgiza, ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Nan da nan hon ya kaure a bayansu. Wata tirela ta wuce ta ɗaya hannun, gada ta yi rawa a ƙarƙashinsu, Malam ya ji rawar har cikin haƙoransa, ya ƙara dannawa.

Idon Mairama ya ciko da hawaye. "Ka yi haƙuri Malam, ka ce na kai, ga shi na ba ka kunya. Wallahi a hankali nake sakin kulocin nan." Ta sunkuya ta duba ƙafafunta, daga nan idonta ya zarce gefe. Ta ga ƙafarsa a sandare a kan birki, jijiyoyi sun tashi. Ta ɗago ta ga fuskarsa, ido a runtse, gumi na ɗiga daga gemu, hannu biyu sun shaƙe bel.

"Malam, ɗaga ƙafarka."

"Darasi ne," ya ce, da wata 'yar murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba.

Ana cikin haka direban tankar da ke bayansu ya diro, wani ƙato da singileti, yana surfa zagi da yare uku tun daga nesa. Ya daki rufin motar ya sunkuyo ta taga, sai sauran zagin ya maƙale masa a wuya.

"Oga Malam! Kai ne? Ni ne Sylvester, yaronka na Gauraka! Madam, gud aftanun. Mota ya lalace?"

"Darasi ne," in ji Malam, ido a rufe.

Sylvester ya dafe ƙirji. "Kai! Tashin mota a tsakiyan gada! Oga bai canza ba. Har ido ya rufe, da kunne yana jin inji." Ya juya ya ɗaga wa layin motoci hannu. "Abeg ku yi shiru! Oga yana koyarwa! Wannan mutum shi ya koya min tuƙi!" Ya dawo taga yana haki. "Oga, in madam ya gaji, zan tare maku hanya ku juya Jamata ya huta. Ni na tsaya, ba wanda zai wuce."

Malam Bamalli ya buɗe ido ɗaya ya kalli madubin gefe. Ga Jamata can a baya, ƙasa, jar ƙasa mai albarka da rumfunan kifi a kanta. In ya juya mutuncinsa na nan daram, Sylvester ma zai kai labari tasha cewa Oga har a tsakiyar gada yake koyarwa. Bakinsa ya buɗe zai ce to.

Sai wayar Mairama ta yi ƙara. Mairama kuwa hanya ɗaya ta sani ta amsa waya, a buɗe murya kowa ya ji, kuma ba ta taɓa kashe waya ba a rayuwarta, sai dai wanda ya kira ya kashe.

"Mama, kun kusa?" Muryar Mas'uda ce.

"Muna hanya, Auta."

Ana jin jariri yana ƙunƙuni. "Mama, ke da wa? Ki faɗa min gaskiya kawai. Na sa an share masa ɗaki, an ɗora masa miyar taushe. In ba ya cikin motar ki faɗa min tun yanzu, in san abin da zan gaya wa mutane. Ba zan yi kuka ba."

Daga jin muryar kuwa ta riga ta fara.

Tausayin 'yarsa da kunyar kansa suka taru suka rufe Malam Bamalli, har ya manta da ruwan na ɗan lokaci. "Auta," ya ce. "Ina ciki. Kada a cika barkono."

Mairama ta ajiye wayar a cinya.

Ya umarci ƙafar ta ɗaga, ta ƙi. Ya lallashe ta. Ya kama gwiwar da hannu biyu ya ja. Ƙafar da ya yi shekaru yana yabo a bakin masallaci ta nuna masa gaskiya ya faɗa. Ita dai ta ga haɗari, kuma a saninta ba a sakin birki sai haɗari ya wuce. Haɗarin kuwa kogi ne, ba inda za shi.

"Sylvester."

"Oga!"

"Buɗe ƙofar nan kaɗan. Kaɗan na ce! Ka cire min ƙafar nan daga kan birki. Mairama, ja birkin hannu."

"Oga, wannan wane darasi ne kuma?"

"Ba darasi ba ne. Tsoro nake ji. Gadar nake tsoro, tun ba a haife ka ba. Muddin ina kujerar nan motar nan ba inda za ta, ni kuma yau sai na ga 'yata. Cire!"

Mairama ta saki baki. "Malam! Ashe ba Nuraddeen ba ne?"

"Me Nuraddeen ya yi min? Fakin ne kawai bai iya ba."

Sylvester ya durƙusa, ya kama ƙafar da hannu biyu, ya yi nishi, ya ɓamɓare ta. Ƙafa ta fito, takalmi ya zauna a kan birki. Fita waje kuwa Malam ya ce ko da wuƙa a wuyansa ba zai taka gadar nan ba, don haka ta tsakanin kujeru aka bi da shi. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, tumbi ya ce bai san zancen ba. Mairama na turawa, Sylvester na turawa, babbar riga ta naɗe a giya, direbobin baya sun taru a tagogi kowa na ba da tasa shawarar. Da ƙyar ya faɗa baya. Rago ya ga wuri ya yi masu kaɗan, ya taka gadon bayan Malam ya tsallako gaba, ya hakimce a kujerar malami da sauran hula a baki.

Malam Bamalli ya kwanta rub da ciki a kan harawa, ya cusa kai ƙarƙashin buhu. "Mairama, tafi. Kada ki gaya min komai sai mun taka ƙasa."

Ta murɗa makulli, ta saki birkin hannu, mota ta tashi sumul. Sylvester ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga masu hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben waya a aljihu. Mutum ne mai zumunci, don haka kafin su sauka daga gadar labari ya riga ya isa tashar Suleja.

Mairama ta yi surutunta son ranta, da rago take yi. "Ka ga kai ba ka da faɗa," take ce masa. "Dubi yadda muke tafiya lafiya." Da suka taka ƙasa ba ta tsaya ta mayar da sitiyari ba, shi ma mai sitiyarin bai tambaya ba.

A ƙofar gidan Nuraddeen an fara kafa rumfa, 'yan barka na shiga da fita. Sai suka ga shuɗiyar mota ta shigo layi da hon, dattijuwa a sitiyari, rago a gefenta. Ƙofar baya ta buɗe, Malam Bamalli ya fito da baya da baya, ba hula, takalmi ɗaya, harawa a gemu.

Mas'uda na tsaye a bakin ƙofa, waya har yanzu a kunnenta. Ya kalli wayar, ya kalli ta cinyar Mairama, ya gane ba abin da ya rage a ɓoye.

Ta zo za ta durƙusa ta gaishe shi, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafe ciki, tsofaffi na yi mata tsawa ta yi hankali, ɗanyen jiki gare ta. Ba wanda ya san inda dariyar ta tsaya kuka ya fara.

"Baba, duk shekarun nan ina ta neman abin da na yi maka. Har na ce ko don na tafi na bar ka da wankin mota kai kaɗai ne. Ashe gada ce."

"Gada ce, Auta. Ki yafe min." Ya goge ido da hannun riga, ya ce harawa ce ta shiga.

Nuraddeen ya zo ya durƙusa. Malam ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya sa masa albarka. Daga nan idonsa ya faɗa kan motar Nuraddeen da ke ajiye a karkace, ya buɗe baki, ya tuna yadda shi ya iso, ya rufe.

Da safe aka raɗa suna, yaro ya ci sunan kakansa, aka yanka rago. Mairama ta ƙi taɓa naman, ta ce ba za ta ci malamin da bai taɓa yi mata tsawa ba. Wayar Malam kuwa ba ta huta ba. Direbobin Suleja suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya, a yi barka, sannan a tambayi lafiyar ƙafa, ana jin sauran suna shaƙe dariya a gefe. Obadiya ma ya kira ya ce maganar kwance birki tana nan. Abin ya yi wa Malam ciwo, ba ƙarya. Amma duk sa'ad da ya ajiye wayar sai a miƙo masa takwaransa, ciwon ya ragu.

Da aka watse, Mairama ta haɗa kaya, tana da bikin 'yar ƙanwarta a Tafa. Ta same shi a kan tabarma a inuwar mangwaro, jariri a cinya.

"Malam, mota ta shirya."

"Ku yi gaba. Ni yaron nan ban gama ganinsa ba. Ga bayana kuma."

"To yaushe za ka dawo? Ɗalibanka fa?"

"Bari ya yi arba'in mu gani."

"Bayan arba'in fa?"

"Sai ya yi haƙori."

Aka yanke Nuraddeen zai raka ta ya dawo a motar haya. Malam ya yafito shi da hannu. "Ka zauna a kujerata, amma ka naɗe ƙafafunka a sama. Kada ka taɓa mata komai. Ta iya."

Mota ta fita layin da hon, Mairama na gaisawa da mutanen da ba ta sani ba. Mas'uda ta fito da kofin kunu ta ajiye a gabansa, ta zauna a gefen tabarmar. Ta san ba bayansa ba ne, kuma ya san ta sani. Ta ɗan kalli hanyar da motar ta bi.

"Baba, gadar nan doguwa ce sosai ko?"

"Auta, ba ta da ƙarshe."

Ta miƙa hannu ta gyara wa jaririn hula a cinyar ubanta. "Allah ya ƙara mata tsawo."

Malam Bamalli ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya kalli takwaransa, ya kalli 'yarsa, ya ce, "Amin."